Yadda Likitoci Suka Gano 'Yan Tsokoki Huɗu da Ke Ɓuya a Wuya

A bayan tsokar tayirod, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan tsokoki, galibi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Sunansu faratayirod, kuma su ke daidaita sinadarin kalsiyam a jini.

Richard Owen ne ya fara ganin su a 1850, yayin da yake feɗe wata karkanda da ta mutu a gidan namun daji na Landan. A jikin mutum kuwa, Ivar Sandström, ɗalibin likitanci a Uppsala ta Suwidin, shi ya bayyana su a 1880, amma ba wanda ya kula.

A wancan zamani wasu majinyatan likita Theodor Billroth a Biyana, bayan an cire musu maƙoƙo, sai yatsunsu su ƙanƙame, jiki ya daddage, wasu har su mutu. Gwajin da Eugène Gley na Faransa ya yi kan dabbobi a 1891 ya nuna cewa cire waɗannan tsokoki ke jawo haka.

Matsalar ita ce ba su da mazauni ɗaya. Tun jariri yana ciki, biyu daga cikinsu, na ƙasa, sukan gangaro tare da tsokar taimus, don haka wata kan tsaya can sama kusa da muƙamuƙi, wata ta nutse cikin tayirod, wata ta zarce har ƙirji. Wasu mutanen ma biyar gare su.

Kyaftin ɗin jirgin ruwa Charles Martell na Amurka ya ɗanɗana kuɗar wannan. Ƙari ya fito masa a ɗaya daga cikinsu, ƙasusuwansa suka yi ta lalacewa. Sau shida ana yi masa tiyata ba a dace ba, sai a ta bakwai, a 1932 a Boston, aka tsaga ƙirjinsa aka tarar da ƙarin.

Dokar sanya sinadarin aidin a gishiri da Nijeriya ta fara a 1993 ta rage maƙoƙo, amma ba ta kawar da tiyatarsa ba. Idan aka tura mai maƙoƙo daga Gaya ko Ajingi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita zai nemi kowace tsokar faratayirod, ya bar ta da jijiyar jininta. Bayan aiki a duba kalsiyam. Duk wanda ya koma gida ya ji leɓɓansa ko yatsunsa na mutuwa, ya garzaya asibiti.