Daga Kwalbar Ibn Sina zuwa Hasken Na'ura

Duba fitsari ya girmi asibiti irin wanda muka sani. Ibn Sina ya yi dogon bayani a al-Ƙanun kan launinsa da warinsa da abin da ke kwanciya a gindin kwalba, kuma likitocin Turai sun shafe ƙarnuka suna ɗaga kwalbar sama su duba kafin su ce uffan. Ido ne babban makaminsu, ido kuwa ba ya hango sankara tun tana ƙarama.

A 1852 George Stokes na Birtaniya ya bayyana yadda wasu abubuwa kan sha haske su mayar da shi da wani launi dabam. A 1924 Albert Policard na Faransa ya haska ƙarin da ya fito wa ɓeraye, ya ga yana ƙyalli ja, ya ɗora alhakin a kan sinadarin porfirin.

Gano sankarar bakin mahaifa kuwa wata hanya ya bi. George Papanicolaou ya gabatar da gwajinsa a 1928, ba a kula shi ba sai bayan littafin da suka fitar da Herbert Traut a 1943. Daga baya Harald zur Hausen ya gano hannun ƙwayar HPV, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Sai dai gwajin Papanicolaou na bukatar mace ta kwanta a sa mata ƙarfe a duba, mu kuwa mun san kunyar matanmu: da yawa ba sa zuwa sai jini ya ƙi tsayawa.

Wannan giɓin ne ya sa aka waiwayi fitsari. A 2012 Masilamani da abokan aikinsa a Jami'ar Sarki Saud ta Riyad suka wallafa binciken ƙyallin jini da fitsarin masu cutar. Ƙwayoyin sankara ba sa sarrafa abinci kamar lafiyayyu, don haka ma'aunin sinadarai irin su flavin da porfirin kan sauya, ƙoda kuma ta zubo da su. Sai a haska fitsarin, na'ura ta auna ƙarfin kowane launi.

Dabara ce mai kyau, amma ba ta nuna ba tukuna. Abinci da magani, har ƙwayar bitamin, na iya sauya ƙyallin, kuma ba ya faɗin inda ƙarin yake. Har yanzu gwajin HPV Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi amincewa da shi, rigakafin HPV na 'yan mata kuma ya shiga jerin rigakafin gwamnati a Najeriya tun Oktoban 2023. Kada uwa ko 'ya ta zauna jiran na'ura.