Masai Ujiri, Ɗan Zariya, da Watanni 14 da Ya Yi Yana Jiran Hujja

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe kafin a shiga yi min sharhi.

Duk wanda ya san gidajen kallon ƙwallo na cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Kuyambana, ya san musunmu bai wuce abu uku ba: alƙalin wasa ya ci kuɗi, ɗan wasa kaza ya ci amanar kulob ɗinsa saboda kwantiragi, ko an kama wane da laifi kaza. Kuma kafin a kashe janareta an gama shari'a, an yanke hukunci, har an raba gado. Abin da nake so in tuna mana shi ne, a tarihin wasannin da muka gani da idonmu, hujja ta saba zuwa a makare. Wani lokaci bayan sa'a ɗaya, wani lokaci bayan shekara uku. Abin tambaya shi ne me bakinmu ke yi a wannan tsakanin.

Bari in fara da alƙalanci, don shi ne ya fi mana ciwo.

Ranar 13 ga Fabrairu, 2000, a filin wasa na Surulere da ke Legas, Najeriya ta kara da Kamaru a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Eto'o da Mboma suka fara zura mana biyu, Raphael Chukwu da Okocha suka farke, aka tafi bugun fenariti. A tawagar nan akwai 'yan jiharmu, Garba Lawal da Tijjani Babangida, wanda shi ne ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Victor Ikpeba ya buga tasa, ta daki ƙarfen sama, ta dira ƙasa, ta fito. Alƙalin wasa Mourad Daami, ɗan Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Rigobert Song ya ci tasa, Kamaru ta tafi da kofi da ci 4 da 3. Da aka maimaita hoton a talabijin, kowa ya ga ƙwallo ta haye layi. To amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Irin wannan ne ya sa aka kawo na'urar duba layin raga, wadda aka fara amfani da ita a kofin duniya a 2014, sannan VAR a 2018. Shin musu ya ƙare? Ina! A ƙarshen Satumban 2023 Luis Diaz na Liverpool ya ci Tottenham ƙwallo mai kyau, aka ce satar gida ce, masu na'urar suka duba suka ga ba haka ba ne, amma rashin fahimtar juna tsakaninsu da alƙalin fili ya sa aka ci gaba da wasa. Hukumar alƙalan Ingila da kanta ta fito ta amsa kuskure, har ta saki sautin maganganunsu. A daren da abin ya faru, labarin da ya cika gari shi ne an sayi alƙali. Da sautin ya fito sai aka ji ruɗewa ce kawai ta mutane a cikin ɗaki.

Na biyu, kwantiragi. Masu shekaru za su tuna rigimar Mikel Obi. A Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18, Manchester United ta sanar ta ɗauke shi daga kulob ɗin Lyn na ƙasar Norway, har aka nuna shi da rigarsu. Ba a jima ba yaro ya ɓace daga Norway, ya ɓulla a Landan, ya ce shi fa matsa masa aka yi ya sa hannu, Chelsea yake so. Magoya bayan United suka ce maci amana ne, kwaɗayin kuɗin Abramovich ne ya ja shi. Sai a Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. A 2008 kuma wata kotu a Norway ta samu daraktan Lyn, Morgan Andersen, da laifin ƙirƙirar takardun bogi a kan kwantiragin yaron, ta yi masa ɗaurin talala na shekara ɗaya. Shekara uku ke nan ana zagin yaro ɗan Jos, kafin a gane cewa ba a hannunsa kaɗai ƙazantar take ba, akwai manya masu kwat da taye a ciki.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami, domin shi namu ne.

Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, lokacin iyayensa suna karatu a can, amma a nan Zariya ya tashi. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ma'aikacin asibiti, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar kowane yaron garin nan, da tamaula ya fara, sai wajen shekara 13 ya koma ƙwallon kwando a hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya shafe shekaru da dama yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Na san mu 'yan cikin ganuwa in ana barkwanci mukan ce duk abin da ya wuce Ƙofar Doka waje ne. To ranar da aka ji labarin Masai, ban ji wanda ya tsaya tambayar unguwarsa ba, kowa cewa ya yi ɗan Zariya ne.

Ya tafi Amurka karatu, ya buga wasa a Turai na wasu shekaru ba tare da ya yi wani fice ba. A 2002 ya fara aikin farautar 'yan wasa wa kulob ɗin Orlando Magic, ba albashi. Daga nan Denver ta ɗauke shi, ya yi ta hawa har ya zama babban manajanta a 2010. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugaban kulob na gasar NBA, a shekarar kuma Toronto Raptors ta ƙasar Kanada ta damƙa masa ragamarta. Tun 2003 yake da gidauniyar Giants of Africa mai koyar da yaran Afirka ƙwallon kwando.

Shi ma ya sha zagi a kan kwantiragi. A 2018 ya kori kocinsa Dwane Casey, wanda a bazarar nan aka ba shi lambar gwarzon koci. Sannan a watan Yuli ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan wasan da ya yi shekara tara a Toronto kuma jama'ar garin ke ji da shi, ya miƙa wa San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard, mai fama da rauni, wanda saura shekara ɗaya tak kwantiraginsa ya ƙare. DeRozan ya fito fili ya nuna an yaudare shi. Magoya baya suka ce Masai ba shi da amana. Shekara na zagayowa, ranar 13 ga Yuni, 2019, Toronto ta doke Golden State da ci 114 da 110 a birnin Oakland, ta ɗauki kofin NBA, karo na farko da kofin ya bar ƙasar Amurka. Kawhi kuwa wata ɗaya bai cika ba ya tattara ya koma Los Angeles Clippers. Har gobe ana musu ko an kyauta wa DeRozan, kuma musu ne mai kyau, don kowa da hujjarsa a fili.

A wannan dare na farin ciki ne abin ya faru. Masai ya taso zai shiga fili ya taya yaransa murna, wani ɗan sandan gundumar Alameda da ke gadin bakin fili ya tare shi. Aka yi 'yar hatsaniya, ɗan wasa Kyle Lowry ya zo ya janye shi zuwa cikin fili. Kafin gari ya waye, ofishin 'yan sandan ya shaida wa manema labarai cewa shugaban Raptors ya ture jami'insu, ya buge shi a fuska, kuma bai nuna katin izinin shiga ba. Suka nemi a tuhume shi. Labari ya zagaye duniya. Maimakon a yi maganar ɗan Afirkan da ya kafa tarihi, sai aka koma maganar baƙin mutum mai girman kai da ya daki ɗan sanda.

A Oktoban 2019 ofishin mai gabatar da ƙara ya ce ba zai tuhume shi ba. Duk da haka a Fabrairun 2020 ɗan sandan ya shigar da ƙara yana neman diyya, wai an ji masa ciwo har ya kasa aiki. Sai a watan Agustan 2020, watanni 14 bayan faruwar abin, lauyoyin Masai suka gabatar da bidiyon kyamarar da ke maƙale a ƙirjin shi kansa ɗan sandan. Me aka gani? Masai yana tafiya yana ƙoƙarin zaro katinsa daga cikin kwat, ɗan sandan ya hankaɗe shi da ƙarfi, ya daka masa tsawa. Masai ya faɗa masa shi ne shugaban kulob ɗin, ya sake hankaɗe shi karo na biyu. Sai a nan ne Masai ya rama turin. A Fabrairun 2021 ɗan sandan ya janye ƙararsa, Masai ma ya janye tasa.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, bidiyon nan yana nan tun daren farko, a hannun waɗanda suka yi zargin. Na biyu, shi kansa Masai ya fito ya ce ya san matsayinsa da ƙarfin lauyoyinsa ne suka sa gaskiyarsa ta fito, kuma akwai baƙaƙen fata da yawa da irin haka ta same su ba su da wannan gatan. Wallahi wannan maganar ta fi komai tsaya min a rai. In mai kuɗi da suna sai da ya jira fiye da shekara, ina ga yaron da ke buga gasar unguwa?

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce duk ɗan wasan da aka zarga wankakke ba ne. Robinho na Brazil kotun Italiya ta same shi da laifin fyaɗe a 2017, ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli ya faɗi a 2022, kuma tun Maris 2024 aka kai shi gidan yari a ƙasarsu kan hukuncin shekara tara. Waɗanda suka yi ta zagin matar da ta kai ƙara, suna cewa kuɗi take nema, su ma sun ɗauki alhaki. A ɗaya ɓangaren ga Benjamin Mendy: an tuhume shi a 2021, Manchester City ta tsayar da albashinsa, kotu ta wanke shi a 2023, a Nuwamban 2024 kuma kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan kuɗin da aka riƙe masa. A duka biyun, wanda ya yanke hukunci a makon farko caca ya yi. In ya dace, sa'a ce. In bai dace ba, ya ci naman wani. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawanci launin riga ne ke yanke mana hukuncin. In ɗan Arsenal aka zarga, 'yan Chelsea sun gama ɗaure shi, 'yan Arsenal kuma sun gama wanke shi, alhali ba wanda ya ga takarda ko ɗaya.

Abin da ya sa nake ganin wannan ɗabi'a ba ta dace da mu ba shi ne, garin nan garin shari'a ne tun fil'azal. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tare da zauren shari'a aka gina shi. Muna da unguwa sukutum mai suna Unguwar Alƙali. Malaman Kona da na Juma sun karantar da fiƙihu ɗaruruwan shekaru, ga kuma Kongo inda ake yaye lauyoyi da masana shari'ar Musulunci. Ƙaramin ɗalibin zaure ma ya san wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, ya san ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin ɓangare biyu, ya san nauyin haddin ƙazafi. Kakanninmu sun ɗauki mutuncin mutum da tsada. Yaya za a yi jikokinsu su sayar da shi a kan kuɗin shiga gidan kallo?

Kuma abin ba a Turai ya tsaya ba. Bakin da ya saba cewa alƙalin Firimiya ɓarawo ne, shi ne gobe zai ce malamin makarantar da aka roƙa ya hura usur a gasar unguwa an saye shi, daga nan sai jifa, sai a raka bawan Allah gida da kyar. Bakin da ya kira Mikel maci amana, shi ne zai kira yaron maƙwabta butulu don ya bar kulob ɗin da ya rene shi, ba tare da an tambayi me aka rubuta a takardar da aka sa shi ya sa wa hannu ba, ko ma an ba shi kwafinta.

Don haka ga roƙona. A yi musun ƙwallo, ai shi ne daɗinta. A ce alƙali ya yi kuskure in ya yi, ido ya gani. Amma tsakanin "ya yi kuskure" da "ya ci kuɗi" akwai rata mai faɗi, kada a tsallaka sai da shaida. In an zargi ɗan wasa da laifi, a ce an zarge shi, a tsaya nan, kada a zage shi, kada a zagi mai ƙara. Iyaye kuma, in wani ya zo da takarda wai zai kai yaronku Turai, a nemi lauya ya karanta kafin a sa hannu. Garin nan ba ya ƙarancinsu.

Wanda ke da ja ko ƙarin bayani, bisimilla, fili a buɗe yake, amma a zo da hujja. Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya kare mu daga ɗaukar alhakin wani. Amin.