Hoton Ayuba Sulaiman Diallo: Bawan da ya zaɓi rigar sa

Duk ɗan fim ya san cewa kafin jarumi ya buɗe baki, suturar sa ta riga ta yi magana. To, tun a 1733 wani Bafulatani ya gane haka a birnin Landan, lokacin da babu kyamara, sai buroshi da fenti.

Sunan sa Ayuba Sulaiman Diallo, ɗan malami ne daga ƙasar Bundu, cikin Senegal ta yau. A 1731 ya je kogin Gambiya fatauci, har da sayar da bayi biyu. Ikon Allah, a hanyar komawa shi ma aka kama shi, aka sayar wa kyaftin ɗin da su ka yi ciniki. Sai ga shi a gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifin sa da Larabci ce ta faɗa hannun wasu manyan Ingila, su ka fanshe shi.

A Landan ne William Hoare ya zana shi. Mai karatu, sai ka san yayin zanen wancan zamani kafin ka ga darajar hoton. Idan baƙar fata ya fito a zanen Turawa, galibi yaron gida ne a gefe, ya na riƙe da faranti ko linzamin doki, wani lokaci da ƙawanyar azurfa a wuya, ya ɗaga kai ya na kallon uwargida. Kayan ado ne kawai, don a san mai gidan na da hali.

Shi ko Ayuba shi kaɗai ne a hoton, daga ƙirji zuwa sama. Bayan sa duhu, haske ya sauka kan farin rawani da farar riga. Ba ya kallon kowa sai kai. Abin da ke rataye a wuyan sa kuma Alƙur'ani ne mai jan bango. Mutumin hafizi ne. A zaman sa na Ingila ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku.

Abokin sa Thomas Bluett, wanda ya buga tarihin sa a 1734, ya ce da fari ƙi ya yi, sai da aka nuna masa don tunawa da shi kawai ake so. Ya ce to, amma da tufafin ƙasar su. Mai zanen ya ce ba ya iya zana kayan da bai gani ba, sai an kwatanta masa. Nan Ayuba ya tambaye shi: to yaya wasun ku ke zana Allah, wanda ba wanda ya taɓa gani? A gani na wannan raddin ma yanzu ya na nan a idon sa.

Ya koma kogin Gambiya a 1734, daga baya ya isa Bundu. Hoton kuwa ya daɗe a hannun wani iyali, har aka yi gwanjon sa a 2009, hukumar gidajen tarihi ta Qatar ta saye. Ingila ta hana a fita da shi nan take, daga baya aka daidaita aka ba National Portrait Gallery ta Landan aron sa a 2011.