Tarihin Rabon Aiki Tsakanin Lasifikoki

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tsohuwar amfilifaya da na gada wurin kawuna. Abokai suka ce in yar da ita, wai ba ta da ramin jona lasifikar gurnani, watau wadda ke fitar da sauti mai kauri irin na tambari. Sai na bi tarihin abin.

A 1925 Rice da Kellogg, ma'aikatan kamfanin General Electric na Amurka, suka fito da irin lasifikar da muke amfani da ita har yau. Amma lasifika ɗaya ba ta iya ɗaukar kaurin tambari da sirantakar algaita a lokaci guda. Don haka a 1935 Douglas Shearer na kamfanin MGM da abokan aikinsa suka raba aikin biyu a gidajen silima. Suka sa wata na'ura, wadda zan kira mararraba: naɗin waya ya bar kakkauran sauti ya wuce zuwa babbar lasifika, kafasita kuma ta bar siririn ya tafi ƙaramar.

Lasifikar gurnani ta yi suna a 1974, lokacin da fim ɗin Earthquake ya riƙa girgiza kujerun 'yan kallo. Daga baya kamfanin THX, wanda aka kafa a 1983, ya tsayar da iyaka a girgiza 80 cikin daƙiƙa. Dalili kuwa, ƙasa da nan da wuya kunne ya gane inda sauti ya fito, saboda haka ba dole a ajiye lasifikar a gaban mai sauraro ba.

To, ina makomar tsofaffin amfilifayoyi? Masu ƙira ba su manta da su ba. Suka buɗe wata ƙofa a bayan lasifikar gurnani, inda ake jona waya daga wurin da wayoyin sauran lasifikokin ke fita. Ba ta shan ƙarfin amfilifaya. Saƙon kawai take ɗauka, ta tace, ta ƙara masa ƙarfi da kanta. Sai dai a duba takardar amfilifaya tukuna, domin akwai irin da haɗa baƙaƙen wayoyinta biyu ke lalata ta.

Haka na jona tawa. Ga ta nan tana aiki, kuma duk wanda ya shigo ɗakina sai ya tambayi inda gangar take.