Bayanin Mai Tahƙiƙi: Rubutun Gefen Shafi

Kwafin Ishiriniyar da na dogara da shi wajen wannan aiki, a Mai Yara ta ƙasar Dakoro na same shi, cikin gafakar wani dattijon malami, Allah Ya jiƙan sa. Da na fara juyar da shi, niyyata in ɗauki matanin kawai, in bar ƙananan rubuce-rubucen ajami da suka cika gefen shafuka. Daga baya na gane cewa idan na zubar da su, na zubar da shaidar yadda magabata suke karatu.

Littafin kansa aikin hannu biyu ne. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya tsara baitocin yabon Annabi (SAW), ashirin-ashirin ga kowane harafi. Ibn Muhibu ya yi musu tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu. Mai tahamisi ba ya taɓa kalmar mai asali. Dole ya bi karinsa, ya kawo ma'anar da za ta gangaro ta haɗu da tasa. Wanda bai fahimci baiti ba, ba zai iya wannan ba.

A Katsina, Ɗan Masani (ya rasu 1667) ya rubuta wa Ishiriniya sharhi mai suna Annafhatul Anbariyya. A Sakkwato kuwa, Shehu Usmanu ya yi Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi.

Amsar ba kullum yarda ce ba. Shehu ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru kan kafirta mai babban zunubi, bai kuwa daina girmama shi ba. Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun Alkanemi na Barno masu sukar jihadi cikin Infaƙul Maisuri a 1812, sannan ya ba su amsa. Da ya ga dama, da ya ɓoye su.

Irin wannan ladabi na tarar a kwafinmu. A wurare da yawa mai hannun farko ya fassara kalmar Larabci da Hausa a ƙarƙashin layi. Wani mai tawada ja-ja ya zo daga baya, ya ga fassarar ba ta yi masa ba, amma bai kankare ta ba. Tasa ya rubuta a gefe, ya bar wa ɗalibi ya auna.

Saboda haka na kawo fassarorin duka biyu a wannan bugu, kowace da alamarta. Inda na rinjayar da ɗaya, na faɗi dalilina a ƙasan shafi. Wanda ya ga kuskurena, ya rubuta gyaransa a gefe, kada ya goge nawa. Allah ne Mafi sani.