Ayarin Masu Ƙaramin Guzuri: Yadda Talaka Ya Kai Ga Kangayen Girka

Duk wanda ya je tashar jiragen ruwa ta Fireyas, wadda ke bakin birnin Atina, da asubahin wata rana a watan Yuli ko Agusta, zai tarar da wani irin ayari da ba ya buƙatar raƙumi ko jaki. Samari ne da 'yan mata, yawancinsu ɗalibai, sai tsirarun malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata, kowa goye da jakarsa, sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da madugunsa riƙe da takardar sunaye. Jiya sun hau dutsen Akrofolis sun ga abin da ya rage na haikalin Fartenon. Yau za su shiga jirgi zuwa tsibirin Mikonos, gobe su leƙa Delos, jibi su kwana a Naksos, daga nan sai Santorini, har su dangana da Kirit. Kuɗinsu kaɗan ne, saboda haka suka haɗa kai, mutum huɗu ko shida a ɗaki guda, abincin rana kuwa burodi da zaitun.

Shekara ɗari biyu da suka wuce, babu mai yin wannan tafiya sai ɗan sarauta ko ɗan attajiri. To, yaya aka yi ta dawo hannun mai ƙaramin ƙarfi? Amsar ta shafe mu marubuta kai tsaye, domin idan muka bi tarihin zango-zango za mu ga cewa a kowane zango littafi ne ke yin gaba, sannan ƙafa ta biyo baya.

Tsibirin da ba a kwana

Bari mu fara da Delos, domin shi ne cibiya. Girka, wadda littattafan Larabci ke kira Yunan, tana da tsibirai manya da ƙanana kimanin dubu shida, amma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su fi ɗari biyu da 'yan kai ba. Delos tsawonsa bai wuce kilomita biyar ba, amma Girkawan dā sun yi imani a nan aka haifi abin bautarsu Afolo, shi ya sa ma suka kira tsibiran da ke kewaye da shi Kiklades, wato masu da'ira. Birane sukan tura tawagoginsu da mawaƙa da dabbobin yanka zuwa bukukuwan tsibirin, ke nan tafiya a ƙungiyance daga tsibiri zuwa tsibiri ba baƙon abu ba ne a wannan teku. Mutanen Atina ba sa zartar da hukuncin kisa matuƙar jirgin tawagarsu bai dawo daga Delos ba. Wannan al'ada ce ta ƙara wa masanin falsafa Sukurat kwana talatin a kurkuku a shekara ta 399 kafin Miladiyya, kwanakin da ya yi yana tattaunawa da almajiransa.

A Delos ne kuma biranen Girka suka ajiye baitulmalin ƙawancensu a 478 kafin Miladiyya, har zuwa 454 da Atina ta kwashe shi zuwa gida, ta kuma fara gina Fartenon shekara bakwai bayan haka. Daga baya Rumawa suka mai da tsibirin kasuwa marar haraji, ya zama babbar kasuwar bayi. Hare-haren 88 da 69 kafin Miladiyya suka karya shi, sannu a hankali ya zama kufai.

Littafin tudu da littafin teku

A ƙarni na biyu na Miladiyya, wani matafiyi mai suna Fausaniyas ya zaga biranen Girka da ke kan tudu, ya rubuta bayaninsu a juzu'i goma. Bai cika faɗin komai game da kansa ba. Abin da ya dame shi shi ne wace ƙofa za ka shiga, me za ka gani a damanka, wa ya gina shi, me mutanen gari ke faɗi a kansa. Haka ya bi Atina da Korinti da Olimfiya da Delfi.

Tsibiran kuwa sai wajen 1420 suka sami nasu littafin, lokacin da wani malamin coci ɗan birnin Fulorans, Cristoforo Buondelmonti, ya kammala zagaya su, ya rubuta bayanin kowanne tare da taswirarsa. Idan muka lura, rabi biyu na tafiyar ayarin da muka gani a Fireyas ke nan, kangaye a tudu da tsibirai a teku, kowanne da marubucin da ya fara share masa hanya.

Zamanin 'ya'yan masu hali

A lokacin da Girka ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya, baƙi daga yammacin Turai ɗaiɗaiku ne ke zuwa. Turawan Ingila biyu, Stuart da Revett, sun auna gine-ginen Atina sun zana su, suka fitar da juzu'in farko na aikinsu a 1762, abin da ya jefa wa masu hali sha'awar zuwa su gani da ido. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka toshe hanyar Faransa da Italiya, inda 'ya'yan sarakunan Ingila suka saba zuwa yawon buɗe ido, sai suka karkata zuwa Girka. Mawaƙi Byron ya iso a 1809, waƙoƙin da ya wallafa a 1812 kuwa suka sa Girka ta zama abin mafarkin matasan Turai. Shi kansa a can ya rasu a 1824, yana taya Girkawa yaƙin neman 'yanci.

Tafiyar wannan zamani sai da dawakai da tafinta da mai dafa abinci da takardar izini daga hukuma. Har wani baƙo da muka sani a ƙasar Hausa ya bi sahu. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Berlin a 1844 da bincike kan kasuwancin tsohon birnin Korinti, sannan ya zaga gaɓar Bahar Rum, har da Girka, tsakanin 1845 da 1847, da kuɗin mahaifinsa wanda attajiri ne a Hamburg. A ganinmu, idon da ya horar kan cinikin Korinti shi ne ya zo da shi Kano a 1851 ya ƙare wa kasuwarta kallo.

Sai dai ba duka masu halin ne suka tsaya ga kallo ba. Jakadan Ingila, Elgin, ya sa an ɓamɓare sassaƙe-sassaƙen Fartenon tun daga 1801, ya sayar wa gwamnatin ƙasarsa a kan fam 35,000 a 1816, suna nan a Landan har yau. Mutum-mutumin da wani manomi ya tono a tsibirin Milos a 1820 kuwa Faransa aka wuce da shi. Shi ya sa sabuwar ƙasar Girka ta yi dokar kare kayan tarihi tun a 1834.

Dabarar sayen sari

Wanda ya fara karya farashin tafiya ba masanin tarihi ba ne. Thomas Cook kafinta ne kuma mai wa'azin yaƙi da shan giya. A ranar 5 ga Yuli, 1841, ya ɗauki hayar jirgin ƙasa ya kai mutum kimanin ɗari biyar daga Leicester zuwa wani taro a Loughborough, kowa a kan sule ɗaya. Dabararsa kowane ɗan kasuwa ya san ta, wato ka sayi kujeru da ɗakuna a sari, ka rarraba wa jama'a. Kamfaninsa ne ya yi jigilar baƙi zuwa wasannin Olamfik na farko na zamani a Atina a 1896, ya kuma rayu har zuwa 2019 da ya durƙushe.

Duk da haka arahar ba ta zo nan take ba. A 1867 marubucin Amurka Mark Twain ya bi wani ayarin jirgin ruwa wanda kuɗin kujerarsa dala 1,250 ne. Da suka iso Fireyas hukuma ta hana su sauka saboda tsoron annoba. Cikin dare shi da mutum uku suka sulale, suka taka da ƙafa har Atina, suka ga Akrofolis a farin wata, suka komo kafin gari ya waye. Littafin da ya fitar a 1869 kan tafiyar ya sayu ƙwarai, ya kuma nuna wa talakan Amurka cewa ba sai ka iya Girkanci ba kafin ka je ka gani.

A daidai wannan lokaci masu tonon kayan tarihi suna ƙara wa ayari zango. Faransawa sun fara haƙa a Delos a 1873, Arthur Evans ya fara tono fadar Kunosos a Kirit a 1900. Da yake babu masauki a Delos, sai masana da baƙi suka riƙa kwana a Mikonos, tafiyar rabin sa'a a jirgi. Ta haka tsibirin masunta da ba kowa ya san shi ba ya fara karɓar baƙi. A 1906 Henry Lunn ya kafa ƙungiyar masu ziyartar Girka, wadda ta haɗa abu uku da suka zama ƙa'ida: jirgi ɗaya, jama'a da yawa, da malami mai ba da lacca kafin a sauka.

Masu kwana a saman jirgi

Ƙofar talaka ba ta buɗe sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar Girka da ya ƙare a 1949. Tsibiran sun talauce, matasansu na ta ƙaura zuwa Atina da Amurka da Ostireliya da Jamus. Gwamnati ta ga baƙi za su iya zama abin dogaro, ta gina jerin otal-otal masu suna Xenia, kalmar da ke nufin karɓar baƙo, a wurare irin su Mikonos da Olimfiya.

A nan ma alƙalami ne ya yi kira. Henry Miller ya wallafa labarin zamansa a Girka a 1941, Lawrence Durrell ya rubuta kan tsibiran Korfu da Rodos, labarin Zorba na Nikos Kazantzakis, wanda ya fito a 1946, ya zama fim a 1964. A 1957 Arthur Frommer ya fitar da littafi kan yadda mutum zai zaga Turai da dala biyar a rana. A 1972 aka ƙirƙiro tikitin Interrail, wanda ya ba matasa damar yawo wata guda a jiragen ƙasan Turai da kuɗi kaɗan. Sai su gangara Brindisi ta Italiya, su ƙetara ruwa zuwa Girka, su yanki tikiti mafi araha, na kwana a saman jirgi a fili. A kowace tasha matan gari na jiran su da allunan tallan ɗakin haya. Da Spyridon Marinatos ya fara tono Akrotiri a 1967, garin da tokar aman wuta ta binne shekara fiye da 3,500 da suka wuce, sai Santorini ma ta shiga jerin zango.

Arahar ba ta rasa nata farashin ba. Jirgin Heraklion ya nutse a Disambar 1966 da mutum fiye da ɗari biyu, Express Samina kuma ya daki dutse kusa da Faros a Satumbar 2000, mutum fiye da tamanin suka rasu.

In dambu ya yi yawa

Girka, mai mutum miliyan goma da 'yan kai, ta karɓi baƙi fiye da miliyan talatin a 2019. Masu magana sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tafin ƙafa ya suɗe duwatsun Akrofolis har suna santsi, an daɗe da hana shiga cikin Fartenon, an kuma fara gagarumin aikin gyara tun 1975. Daga Satumbar 2023 aka ƙayyade masu hawa dutsen zuwa mutum 20,000 a rana. A 2025 kuɗin shiga ya tashi daga yuro 20 zuwa 30, aka kuma ɗora harajin yuro 20 a tsakiyar bazara kan duk mai sauka Mikonos ko Santorini daga manyan jiragen shaƙatawa. A waɗannan tsibirai biyu, malaman makaranta da likitocin da aka turo aiki kan sha wuya kafin su sami ɗakin haya.

Abin lura a nan shi ne, maganin da ya fi sauƙi ga cunkoso shi ne tsada, tsada kuwa mai ƙaramin guzuri take fara kora, musamman wanda ya fito daga ƙasa mai raunin kuɗi. Alhali tarihi ya nuna mana ba shi ne ya yi wa kangayen ɓarna mafi girma ba. Ɗalibi sawunsa kawai ya bari, jakada kuwa da duwatsun ya tafi. Idan aka yi sake, tafiyar za ta koma inda ta fito, hannun masu hali.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, ga abu biyu mu ajiye kusa da juna. A Suniyon, kudu da Atina, akwai haikalin Fosaidon a kan tsauni a bakin teku, kuma a jikin dutsensa akwai sunan Byron a sassaƙe, tare da sunayen ɗaruruwan baƙi. A ɗaya ɓangaren ga Fausaniyas, wanda ya rubuta cewa kaburburan sarakunan Mikene suna cikin ganuwar birnin. Bayan shekara kusan 1,700, a 1876, Heinrich Schliemann ya bi wannan bayani ya haƙa daga cikin ganuwa, ya tarar da kaburbura cike da zinariya, ko da yake sun girmi sarkin da yake nema da ɗaruruwan shekaru.

Duk wurin da muka yi rubutu a kansa, gari ne ko kufai, na nesa ko na kusa, wata rana wani zai ɗaura ɗan guzurinsa ya je saboda abin da muka faɗa. Ya rage namu mu zaɓa, ko mu bar masa bayanin da zai sa ya gane abin da yake kallo ya kuma girmama shi, ko kuwa mu bar masa sunanmu kawai a jikin dutse. Allah Ya sa alƙalumanmu su zama na farkon.