Tayar ƙanƙara a zafin Katsina: yadda ake gane ta

Daga cikin tayoyin hannu da ake kira 'yan Kwatano, waɗanda direba zai iya cin karo da su a wajen masu faci na Ƙofar Kaura, akwai waɗanda aka ƙera domin hunturun Turai. Alamarsu tana jikinsu: hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki.

Robarsu mai taushi ce, an yi ta ne domin sanyin da ya gaza digiri 7. A Katsina kuwa zafin Afrilu kan haura digiri 40, don haka takan cinye da wuri, birki kuma ya yi jinkirin kamawa. Sanyin hunturunmu bai kai a nemi irinta ba.

Lamarin ya fi tsanani ga mota mai amfani da lantarki, wadda baturi ya ƙara mata nauyi, ga kuma fizgar tashi. Ita takan buƙaci taya mai alamar XL, wato mai jure kaya.

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne ranar haihuwar taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adinta.